SU WANE NE MASU TAIMAKON JAMA'A?

Jama'a, 'yan'uwa talakawa maza da mata, musamman ku da ku ke wuni a kasuwa, akwai wani ɗan darasi da a ke koya wa 'ya'yanku na aji ɗaya da aji biyu a firamare, har da 'yan rabin aji, wanda mu ke so ku san da zamansa. Da yawa cikinmu ba su taɓa jin labarinsa ba, gama yaro in ya dawo daga makaranta abin da a kan tambaye shi bai wuce inda ya yar da fensirinsa ba. Sunan darasin nan masu taimakon jama'a.

Ga yadda a kan yi shi. Malami ya kan kafa wani kwali a jikin bango, ko kuwa ya buɗe littafi, a ciki akwai hotuna kamar shida ko bakwai. Ga ɗan sanda ya ɗaga hannu yana tsai da mota. Ga likita da farar riga da abin awon ƙirji a wuya. Ga nas. Ga ɗan kwana-kwana riƙe da mesa. Ga ma'aikacin gidan waya da jakar wasiƙu a kafaɗa. Wani lokaci a ƙara da matuƙin jirgin sama, ko lauya da farar hular gashi. Malami ya nuna da sanda ya faɗi suna, yawanci da Turanci, yara su amsa da ƙarfi har maƙwabta su ji, a maimaita sau uku, a tashi. Ran jarrabawa a ce yaro ya kawo sunan masu taimakon jama'a guda biyar. In ya kawo, ya ci.

To, mu ba mu ƙi darasin ba. Muna ganin ma yana cikin mafi amfani da za a koya wa ƙaramin yaro, domin a nan ne ya ke fara sanin cewa ba shi kaɗai ne a duniya ba, da wahalar wasu ya ke ci ya ke sha. Abin da mu ke ƙi shi ne yadda aka zaɓi mutanen da ke kan kwalin, da waɗanda aka bari a waje, da kuma irin abin da a ke faɗa wa yaro a kan masu kaki.

Daga Ina Ya Fito?

Ba a nan aka haifi darasin nan ba, daga Amurka ya zo. Tun wajen 1930 da 'yan kai malaman can, cikinsu har da wani Paul Hanna na Jami'ar Stanford, suka yaɗa wata dabara cewa a fara koya wa yaro abin da ke kusa da shi, watau gidansu, sa'an nan makarantarsu, sa'an nan unguwarsu, a yi ta faɗaɗawa har a kai ga jiha da ƙasa da duniya. A matakin unguwa ne a ke kawo masu taimakon jama'a. Darasin zaman jama'a irin wannan ya shigo Nijeriya ta wata makarantar sakandare da aka buɗe a Aiyetoro, cikin ƙasar Yarabawa, a 1963, da taimakon Amurkawa. A 1968 aka yi taro a Mombasa ta Kenya, ƙasashen Afirka suka amince su ɗauke shi. A 1969 aka yi babban taron tsara karatu na ƙasa a Ikko. Da aka buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976 sai ya bazu har ƙauyuka.

Dabarar kuwa tana da kyau ƙwarai. A Amurka mai kai wasiƙa ya kan zo ƙofar gida kwana shida cikin mako, yaro ya san fuskarsa. Saboda haka in malamar can ta nuna hotonsa, abin da yaro ya sani ne ta ke nuna masa. Mu kuwa sai muka ɗauko kwalin, muka bar dabarar a can. Ku gaya mana, a lungunan Kano ko Zariya ko Katsina, inda gidaje da yawa ko lamba babu, yaushe rabon da a ga wani da jakar wasiƙu yana sallama? Mu in za mu aika saƙo Legas ko Fatakwal tasha mu kan je, mu damƙa wa direba, ɗan kamasho ya zama shaida, a ba da lambar waya. Wannan shi ne gidan wayar talaka, amma babu direba a kan kwali, balle ɗan kamasho.

Mu da muka bi ta makarantar mishan mun rera sunayen nan da Turanci tun bakinmu bai iya Turancin ba. Yanzu kuma ga 'ya'yanmu suna rera su daidai yadda muka rera, ko tsari ba a sāke ba.

Tun Daga Asuba

Bari mu bi yaro ɗan shekara shida tun daga asuba, mu ƙirga hannuwan da su ke taɓa rayuwarsa kafin ya isa aji. Ladan ne ya tashi gidan. Ruwan da aka yi masa wanka da shi, a unguwanni da yawa, ba daga famfo ya zo ba, gama famfon ya daɗe da ƙafewa, mai garuwa ne ya turo shi a kura. Kokon da ya sha, geron manomi ne, ɗan dako ya sauke shi daga mota a Dawanau, mai injin niƙa ya markaɗa, wata tsohuwa ta tashi tun kafin kiran salla ta dama. Ƙosan kuma wata ce ta soya. Rigar makarantarsa tela ne ya ɗinka, takalminsa da ya tsinke jiya mai gyaran takalmi ne ya ɗinke. Mai adaidaita sahu ya kai shi, shi ma ba zai fita ba sai da mai faci da bakanike. Daren jiya kuwa da ya yi barci lami lafiya, mai gadi da 'yan sintiri ne suka kwana cikin sanyi da sauro. Mun ƙirga fiye da goma ke nan, ƙarfe takwas ba ta yi ba, kuma ko ɗaya cikinsu bai sami shiga kwali ba.

Mu tsaya kan mai garuwa, domin shi kaɗai ya isa darasin mako guda. Kura ta kan ɗauki jarka goma ko goma sha biyu, kowace jarka lita 25. Jarka 12 lita 300 ke nan, nauyinsu kilo 300, watau kamar buhun masara uku, mutum ɗaya ke tura su cikin rana, a kan hanya mai rami da yashi, sau da yawa a wuni. Ga lissafi nan a fili ga 'yan aji uku, ba sai an nemo musu lemon wata ƙasa ko jirgin ƙasan da ba su taɓa gani ba. Sa'an nan ga darasin lafiya. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Arewa irin su Bauchi da Kano da Jigawa ne suka fi jin jiki. Ta ruwa da ƙazanta cutar nan ta ke bi. Watau lafiyar unguwa guda tana rataye ga inda mai garuwa ya ɗebo ruwansa, da ko ya wanke jarkarsa, da inda masu yashe masai suka zubar da abin da suka kwaso, da ko an kwashe bola kafin damina. Likita sai cuta ta kama mutum ya ke ganinsa. Waɗannan kuwa su ne ke tsaye a ƙofar da cutar ta ke shigowa. Ashe in ana maganar masu taimakon jama'a, da wa ya kamata a fara?

Haka ungozoma. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, cikin haihuwa 10 fiye da 8 a gida aka yi su. Ke nan yawancin yaran da ke zaune cikin ajin nan, hannun da ya yanke musu cibiya ya yi musu wankan farko ba na nas ɗin kwali ba ne, na wata tsohuwa ne a bayan gidansu, wadda su ke wucewa kullum ba su san abin da ke tsakaninsu da ita ba. Da masu wankan gawa, da masu haƙa kabari waɗanda ba su da albashi sai abin da aka ga dama aka miƙa musu, duk haka. Mutum ya shigo duniya a hannun wasu, ya fita a hannun wasu, amma makaranta ba ta san da su ba.

Abin Da Yaro Ya Ke Ɗauka

Wani zai ce, haba, ai hoto ne kawai, mene ne abin ɗaga murya? To, ƙaramin yaro ba shi da wayon da zai ce wannan kwali na wata ƙasa ne. Abin da ya gani a bangon aji, malami kuma ya nuna da sanda, shi ne gaskiya a wurinsa. In an jera masa mutane bakwai aka ce su ne masu amfani, dukansu da kaki ko farar riga ko kwat, babu ubansa babu uwarsa, babu ko mai kama da su, me ya koya? Ya koyi cewa amfani yana ofis, kasuwa kuwa wurin waɗanda ba su ci jarrabawa ba ne. Ba wanda ya faɗa masa haka da baki, amma ya ɗauka. Shi ya sa in aka tambayi yara sana'ar iyayensu, ɗan ma'aikaci ya kan ɗaga hannu har yana miƙewa tsaye, ɗan mahauci da ɗan mai garuwa kuwa su sunkuyar da kai, ko su ce babansu ɗan kasuwa ne su yi shiru. Yaron da ya fara jin kunyar hannun da ke ciyar da shi tun yana ɗan shekara shida, me ku ke tsammani zai zama in ya kai ashirin, ga takardar shaida a hannu, ga ofis babu gurbi? Shi ne wanda za ku gani zaune a bakin titi, ya fi ƙarfin rumfar ubansa, aikin gwamnati kuma ya fi ƙarfinsa.

Amma kada mu ɗora wa boko dukan laifin. Ba Bature ne ya koya mana raina mahauci da wanzami ba. Tun kafin a kafa aji na farko a ƙasar nan akwai gidajen da ba su ba mahauci aure, alhali kuwa ran suna da ran salla shi a ke nema ruwa a jallo. Wannan ciwon namu ne na gida. Abin takaici shi ne makaranta, wadda ya kamata ta yi maganinsa, ita ce ta zo ta ƙara masa gishiri.

Iyaye ma suna lura. A 2004 aka yi dokar da ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Duk da haka a 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa kusan miliyan 20 ba su zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu kuwa a Arewa su ke. Dalilai suna da yawa, talauci ne babba, ga rashin tsaro, ga rashin azuzuwa. Amma akwai wani dalilin da masu rubuta rahoto ba su cika ambata ba, wanda mu kan ji a rumfuna: uba ya ce ya sa yaro boko, boko ta raba shi da sana'a, ba ta kuma ba shi wata ba. Uban nan ba jahili ba ne, lissafi ya yi. Makarantar da ta ke so talaka ya ba ta ɗansa, lalle ta nuna ta san darajar talakan.

Abin dariya, kuɗin da ke aljihunku sun fi kwalin adalci. Ku juya takardar naira 10, za ku ga matan Fulani ɗauke da ƙoren nono, a gabanta kuwa Alvan Ikoku ne, malamin makaranta. Ku juya naira 50, masunta ne da kifinsu. Ku juya naira 20, Ladi Kwali ce, Bagwariya mai ginin tukwane, wadda ta koyi sana'ar a gida wurin 'yar'uwar iyayenta, ta shiga makarantar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, watau Suleja, a 1954, aka kai ta Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ko da ya ke takardun nan yanzu ko alewa da ƙyar su saya, sun isa kayan koyarwa. Malamin da ba shi da littafi ya zaro naira 20 daga aljihu, ya sami darasi.

Wa Ke Biyan Ɗan Sanda?

Yanzu mu koma kan waɗanda ke cikin kwalin. Ba mu ce a cire su ba. Ɗan kwana-kwana ya cancanci wurinsa. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sani, gama ba ku manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ba, wadda ta cinye dubban shaguna da rumfuna cikin dare ɗaya. Kuma ba kashe wuta kaɗai su ke yi ba, su a ke kira in yaro ya faɗa rijiya ko kududdufi. Wannan ya kamata kowane yaro ya sani, tare da lambar kiran gaggawa 112, ya haddace ta kamar yadda ya haddace sunansa.

Abin da mu ke ƙi shi ne a tsaya a suna da kaki. A kan ce wa yaro ɗan sanda yana kama ɓarayi, likita yana ba da magani, shi ke nan. Ba a gaya masa wa ke biyansu. Mu kuwa muna ganin wannan ita ce tambaya ta farko, kuma ɗan shekara bakwai zai gane amsarta sarai: Baba da Inna ne ke biyansu. Kuɗin rumfa da a ke karɓa a kasuwa, da tikitin da mai adaidaita ya ke yanka kowace safiya, da harajin kaya wanda aka mai da shi 7.5 cikin 100 a 2020, wanda ke ɓoye cikin kuɗin sabulu da katin waya, da kuɗin man fetur wanda dukiyar kowa ce, daga nan albashi ya ke fitowa. An soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979, amma talaka bai daina biya ba, hanyar karɓa ce ta sāke.

A zamanin En'e, sa'ad da dogari da ɗan doka ke bin gida gida neman haraji, da su uwaye kan tsorata yaro in ya ƙi barci. En'e ta tafi, tsoron bai tafi ba, har yau a kan ce wa yaro yi shiru ko a kira maka ɗan sanda. Darasin nan shi ne wurin da za a fara warware wannan. Yaro ya san ma'aikacin hukuma ma'aikacinsa ne, a girmama shi domin aikin da ya ke yi, a kuma tambaye shi in bai yi ba. 'Yan aji biyar da shida sun isa a gaya musu cewa beli kyauta ne, kamar yadda a ke rubutawa a ofisoshin 'yan sandan kansu, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a madadin ɗan'uwansa. Da yawa cikin iyayensu ba su san wannan ba, wataƙila ta bakin yaran za su ji. Kada kuma a yi wa yaro ƙarya. In malami ya ce duk mai kaki abokinka ne, alhali yaron ya ga abin da a ke karɓa a shingen hanya sa'ad da ya ke zaune kusa da ubansa cikin mota, to, ya gane malami ba ya faɗin gaskiya, kuma gobe in an koya masa wani abin ba zai yarda ba. A gaya masa abin da aikin ya ke, a gaya masa akwai masu yinsa da amana, akwai masu ci da shi.

Akwai kuma ma'aikatan da ba su da kaki sai hijabi da akwatin sanyi, watau matan da ke bin gida gida suna ɗiga wa yara maganin shan inna. Ran 8 ga Fabrairu 2013 aka harbe 9 daga cikinsu a Kano suna bakin aiki. Sauran ba su fasa ba. A 2016 aka ga mai cutar ta asali na ƙarshe a Barno, a watan Agusta 2020 aka ba da shaidar cewa Afirka ta rabu da ita. Kowane yaro cikin ajin nan ya taɓa buɗe musu baki, an shafa masa tawada a ɗan yatsa. In akwai wanda ya cancanci hoto a bango, ai su ne.

Gaskiya Ta Kowane Gefe

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce so mu ke yaro ya gaji talauci, ɗan ɗan dako ya zama ɗan dako. A'a. Muna so ɗan mai garuwa ya zama injiniyan da zai sa famfon unguwarsu ya kawo ruwa, har ubansa ya huta da tura kura. Amma wanda ya san nauyin kilo 300 a kirjin ubansa shi zai yi aikin nan da zuciya ɗaya. Wanda aka koya wa jin kunyar uban kuwa, ran da ya sami muƙami unguwar ma ba zai sāke takawa ba. Girmama ɗan dako kuma ba hujja ba ce ta ɗora wa ɗan shekara takwas kaya a ka, ko a cire yarinya daga aji a ɗora mata talla. Wannan ba taimakon jama'a ba ne, cin amanar yaro ne, kuma mu 'yan kasuwa muna da hannu a ciki.

Za a kuma ce cikin mutanen da mu ke yabo akwai masu ɓarna. Gaskiya ne. Akwai wanzamin da ke yi wa yara goma kaciya da aska ɗaya bai dafa ta ba, ciwon hanta kuwa ta nan ya ke bi. Akwai cire belu da ke sa jariri ya yi ta zubar da jini. Akwai ungozomar da ke riƙe mace a ɗaki kwana biyu tana naƙuda maimakon ta ce a tafi asibiti. Akwai mai kemis da ya mai da kansa likita. Ba mu ce a ɓoye wannan ba. Amma ai rufe ido a kan mutanen nan bai hana kowa zuwa wurinsu ba. Gara a kawo su cikin darasi, yaro ya san aikin kowa da iyakar kowa: wannan ciwo na gida ne, wannan na asibiti ne, ruwan da ba a san inda aka ɗebo shi ba a tafasa shi. Yarinyar da ta ji wannan a aji huɗu ita ce uwa bayan shekara goma sha biyar.

Sa'an nan akwai wani mai taimako da rashinsa a kwali ya fi ba mu mamaki, shi ne mai unguwa. A ƙasar nan in an tsinci yaro ya ɓata, gidan mai unguwa a kan fara kai shi, daga nan a kai ofishin 'yan sanda ko a yi cigiya a rediyo. A 2019 'yan sanda suka gano yara 9 da aka sace daga Kano aka kai su jihar Anambra, wasu cikinsu an ɗauke su tun suna ƙanana ƙwarai. Ya kamata tun a rabin aji yaro ya iya faɗin cikakken sunan ubansa, da sana'arsa, da sunan unguwarsu, da na mai unguwarsu, da lambar wayar wani babba a gidan. Ya kuma san ba duk babban da ya kira shi ya miƙa masa alewa ne mai taimako ba. Wannan ya fi masa amfani sau dubu bisa ga sanin sunan matuƙin jirgin sama da Turanci.

Ba Laifin Malami Ba Ne

Kada wani ya ɗauki takardar nan ya tafi ya yi wa malamin aji ɗaya tsawa. Mutumin da aka tara wa yara ɗari ko fiye cikin aji ɗaya, rabinsu a ƙasa, ba littafi, alli ma wani lokaci da kuɗinsa ya ke saye, ba shi ya zana kwalin ba. Abin da aka ba shi ya ke koyarwa, kuma shi ma yana cikin masu taimakon jama'ar da aka manta da su. Masu tsara karatu a Abuja, da hukumomin ilimin firamare na jihohi, da masu buga littattafai, su ke da alhakin hotunan. Muna kira gare su su sa masu zane na gida su zana mutanen gida, su kuma bar wa malami fili ya cika da masu sana'ar garinsa, gama masu taimakon yaron Argungu, inda masunta su ke, ba su ne na yaron Ƙofar Mata ba, inda marina su ke.

Amma ba sai mun jira Abuja ba, domin gyaran nan ba ya cin ko kwabo. Duk abin da a ke bukata yana cikin tafiyar minti goma daga ƙofar makaranta. Maƙeri ya zo da zugazugi da 'yar fartanya, ya nuna yadda ƙarfe ke laushi. Tela ya zo da tef ya auna yaro ɗaya a gaban sauran, sun koyi awo ke nan. Mai hatsi ta zo da mudu da tiya, a ga mudu nawa ke cika tiya. Mai garuwa ya tsai da kurarsa a fili, yara biyar su gwada turawa su ji. Duba-gari ya zo ya nuna tsutsar sauro cikin ruwan kwata. Ɗan sanda ma ya zo, ba da bindiga ba, yara su yi masa tambaya ya amsa. Malami ya ce kowane yaro ya tambayo a gida wane ne ya taimake su cikin makon nan, ya zana shi a takarda, a manna a bango kusa da kwalin, kada a cire kwalin, a dai kewaye shi. Yaron da ya ga ubansa tsaye gaban aji, hedimasta ya miƙa masa hannu, yara sun tashi sun gaishe shi, ba zai sāke sunkuyar da kai ba.

Ku shugabannin kasuwa, da sarkin pawa, da sarkin maƙera, da sarkin aska, da shugabannin ƙungiyoyin teloli da direbobi da 'yan dako, da ku mata masu sana'a cikin gida, wannan aikinku ne. Kusan kowace makarantar gwamnati tana da ƙungiyar iyaye da malamai, tana kuma da kwamitin kula da makaranta na mutanen unguwa, wanda a tsarinsa akwai wurin mata da na masu sana'a. Sau da yawa kujerun nan babu kowa a kai, ko kuwa an cika su da sunayen da ba su zuwa. Ku tambayi wa ke zaune a kan taku. Kowace ƙungiya ta ba da mutum ɗaya, awa ɗaya cikin zango, ta biya masa cinikin da ya rasa daga asusunta, gama ba daidai ba ne a ce mai garuwa ya bar kura awa guda a kan aljihunsa shi kaɗai.

Lokacin da ya fi dacewa a ga hedimasta shi ne makon farko na zango, kafin malamai su gama tsara aikin makonni. Ku tafi ku biyu ko uku, da sassafe kafin kasuwa ta ci, ku bi ta wurin mai unguwa ya haɗa ku da wani, ku kuma riƙe kayan aikinku a hannu domin a ga abin da ku ke nufi.